Ƙuda Wajen Kwaɗayi A Kan Mutu

Daga Malamin Gona, Kajiji

Masu lambu da manoman fadama na ƙasar Shagari da Boɗinga sun san ciwon da zan yi magana a kansa yau. Mangwaro ya ƙosa, ya yi kyau a ido, mutum ya tsinko ya yanka, sai ya tarar da farar tsutsa tana wutsil-wutsil a ciki. Kankana tun tana kamar ƙwan kaza sai a ga ta yi tabo, ta karkace, ta ruɓe a kan yaɗonta. Kabewa haka, gwaba haka. Ɗan kasuwa ya sayi kaya a Kajiji lafiya lau, kafin ya sauke a Sakkwato ƙasan kwando ya yi ruwa. Ya komo ya ce an cuce shi, manomi ya rantse bai sani ba, kuma dukansu biyu gaskiya su ke faɗi.

Abin da yawancinmu mu ke yi shi ne mu sayo kwalbar magani, mu cika famfo, mu wanke itace tun daga bisa har ƙasa. Ni a ganina wannan ɓarnar kuɗi ce. Ƙwan ƙudan yana ƙarƙashin ɓawo, tsutsarsa tana can cikin tsoka, in ta ƙoshi ta faɗo ta shige ƙasa ta kwanta. Duk waɗannan feshi ba ya kai gare su. Uwar kuwa tana da fiffike, da ta ji motsi sai ta tashi zuwa lambun maƙwabci, bayan kwana biyu ta komo. Wanda feshin ya ke samu sosai shi ne ƙudan zuma, alhali kuwa in ba shi, furen kankana ba ya ɗaura ɗa. Sa'an nan ga wanda ya yi feshin ya shaƙa, ga yaran da za su ci mangwaron ba wanki. Shawarata ita ce a bar bin ƙudan nan da famfo, a kira shi cin abinci. Amma kafin a gayyaci baƙo ya kamata a san abin da ya ke so da abin da ya ke ƙi.

Da fari dai ƙudajen iri biyu ne, kada a gama su. Akwai ɗan ƙaramin nan mai jan ido, bai fi ƙwayar riɗi ba, wanda ke taruwa a kan ɓawon ayaba da tumatirin da ya lalace a kasuwa. Shi ba ya huda lafiyayyen abu, sai wanda ya riga ya fashe. Masana suna kiransa Durosofila. Sa'an nan akwai babban, ya kusa ƙudan gida girma, da ratsin rawaya a jiki kamar rina. Shi ne ɓarawon. Macensa tana da tsinke a gindi, da shi ta ke huda ɓawo ta zuba ƙwai. Shi ma dangi-dangi ne. Akwai na kankana da kabewa. Akwai na mangwaro ɗan ƙasa, wanda tun can ya ke hayayyafa cikin 'ya'yan ɗanya da gwandar daji. Akwai kuma baƙo daga ƙasashen Asiya, wanda aka fara gani a Kenya cikin 2003, kafin shekara biyu ya iso Afirka ta Yamma. Mace guda ta baƙon nan tana iya zuba ƙwai fiye da 1,000 kafin ta mutu. Ɗan ƙasar ya fi ƙarfi da bazara, baƙon kuwa sai ruwa ya sauka ya ke yawaita. Shi ya sa mangwaron farko ya kan tsira, na ƙarshen lokaci ya sha kashi.

Ƙaramin, wanda ba ya yi mana ɓarna, shi ne ya tona asirin babban. Tun wajen 1910 masana su ke kiwonsa cikin kwalabe suna bincike a kansa, gama ba shi da wuyar ci da sha, kuma cikin kwana goma sha ya hayayyafa. Wani abin mamaki ma, cikin 2018 waɗansu masana daga Suwidin suka bi sawunsa har dazuzzukan Zimbabuwe, suka gane asalinsa ɗan Afirka ne, abincinsa na gado kuwa 'ya'yan ɗanya, watau nunu ɗin nan da yaranmu su ke tsotsa.

To, abu na fari da aka gane shi ne ƙuda da ƙafa ya ke ɗanɗano. Kowa ya iya gwada wannan a gidansa. Zuba ɗan sukari a faifai ka zauna ka duba ƙudan gida. Zai sauka ya yi ta yawo bakinsa a naɗe. Da ƙafarsa ta taka sukarin, sai ka ga bakin ya miƙo kamar hannun giwa. A ƙafafun akwai waɗansu gasu ƙanana, ba a ganinsu sai da madubi mai ƙara girman abu. Kowane gashi da 'yar ƙofa a tsininsa, a cikinsa kuwa jijiyoyi biyu zuwa huɗu, irin masu kai labari ga ƙwaƙwalwa. Wata aikinta jin zaƙi, wata ruwa, wata gishiri, wata ɗaci. Irin gashin nan yana a leɓen bakinsa, yana a gefen fiffikensa, macen har a tsinken ƙwanta tana da shi. Cikin maƙogwaro ma akwai masu tsaro na ƙarshe. Ashe abinci sai ya wuce ƙofa uku kafin ya kai ciki, ƙafa, da leɓe, da maƙogwaro, kuma a kowace ƙofa ana iya mayar da shi. Macen ma ba ta huda mangwaro sai ta taka shi ta ɗanɗana. A waɗansu dangin, in ta gama zuba ƙwai sai ta ja gindinta a kan ɓawon ta bar alama, wata in ta zo ta taka ta ji, ta san an riga ta, ta yi gaba.

Cikin 2004 masana a Amurka, cikinsu har da wata malama Kristin Scott ta Kalifoniya, suka nuna jijiyar zaƙi dabam, ta ɗaci dabam, kuma kowace da wurin da ta ke kai labarinta a ƙwaƙwalwa. Ɗaya tana cewa ci, ɗaya tana cewa bari. Daga baya aka gane ɗaci yana da iko biyu. Ban da ƙarar da ya ke kaiwa, yana kuma dushe jijiyar zaƙin kanta, har sukarin ya zama kamar babu shi. Gishiri kuwa kaɗan yana jawo ƙuda, in ya yi yawa ya kore shi, kamar dai mu da miya. Ku riƙe maganar ɗacin nan, za mu komo gare ta.

Abu na biyu shi ne yunwa. Wani Ba'amurke, Vincent Dethier, ya yi shekaru yana binciken ƙudan nan mai sheƙi da ke sauka kan nama. Cikin 1958 shi da abokin aikinsa suka yanke wata 'yar jijiya da ta taso daga hanyar abinci zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙudan ya kama sha, ya yi ta sha bai tsaya ba, har cikinsa ya kumbura kamar salka, waɗansu ma suka fashe. Watau ƙafa da baki su ke cewa a fara, ciki ne ke aiko da labarin a tsaya. Cikin 2012 da 2014 kuma, a ɗakin binciken David Anderson a Kalifoniya, aka gane yunwa tana sāke ɗanɗanon kansa. Ƙuda in ya fara jin yunwa, jin zaƙinsa ya kan ƙara kaifi, ruwan sukarin da jiya ya raina yau sai ya miƙa masa baki. In yunwar ta yi tsanani sai jin ɗacinsa ya ragu, ya ci abin da dā ya ƙi. Da babu gwamma ba daɗi, har wurin ƙuda. Duk wannan shawara ana yanke ta cikin ƙwaƙwalwar da ba ta kai ƙwayar gero ba. Cikin 2024 aka gama zana taswirarta duka, aka ƙidaya ƙwayoyin jijiya wajen 140,000 a ciki, har a ke iya bin hanyar labari tun daga inda sukari ya taɓa leɓe zuwa inda a ke ba baki umurnin miƙewa.

Abu na uku shi ne wanda ya fi shafar aljihunmu. Sukari yana ba ƙuda ƙarfin tashi, amma ba ya yin ƙwai. Ƙwai sai da abinci mai gina jiki, wanda likitoci su ke kira furotin, irin abin da mu mu ke samu a nama da wake. Cikin 2010 Carlos Ribeiro da Barry Dickson, a birnin Biyana na Ostiriya, suka nuna macen ƙaramin ƙudan da zarar ta sadu da namiji sai son ranta ya juya, ta bar sukari ta koma neman yis, irin wanda a ke sa wa burodi. Wani abu ne cikin ruwan namijin ya ke taɓa jijiyoyinta, su kai labari bisa. Kwaɗayin mai juna biyu ke nan, ba ragi. Babban ƙudan namu shi ma haka ya ke ta wajen bukata. Macen in ta fito daga ƙasa ba ta iya zuba ƙwai nan da nan. Sai ta yi kamar mako guda ko fi tana neman furotin a kashin tsuntsu, da darɓa a kan ganye, da ruwan ruɓaɓɓen 'ya'yan itace. Makon nan shi ne damarmu, gama a cikinsa tana jin yunwa, kuma ba ta huda ko ɗaya ba tukuna.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun 1952 wani ma'aikacin gona, Loren Steiner, ya gwada ta a tsibirin Hawayi: ya gama furotin da ɗan dafi kaɗan ya yayyafa, ƙudan ya zo da kansa ya ci. Yau akwai irin wannan a haɗe cikin jarka, ana kiransa GF-120, a ƙasashen da Faransa ta raina kuwa Success Appat. Dafin da ke ciki ana samo shi daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa, kuma ɗan kaɗan ne ainun. Wajen lita 1 a gauraya da ruwa lita 5 ya ishi hekta guda, watau eka biyu da rabi, gama ba itacen duka a ke fesawa ba. Wuri guda a ke zaɓa cikin ganye, kamar faɗin tabarmar salla, ta gefen inuwa, a yayyafa da manyan ɗigo, a maimaita kowane mako. An gwada shi a lambunan mangwaro na arewacin Jamhuriyar Benin cikin 2006 da 2007, tsutsa ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100. A gonar kankana da kabewa kuwa ba kan yaɗo ya fi kyau a sa ba. Ƙudan can ba ya kwana a gonar, ya kan shigo ya yi ɓarnarsa ya koma ya huta cikin dogayen tsire-tsire na gefe. Saboda haka a shuka layin masara ko dawa a kewaye gonar, a yayyafa abincin a ganyensu. Zuma na can wajen fure, ba ruwanta.

Yanzu ga inda sanin ɗanɗanon ya ke da amfani, gama na san halinmu. Manomi zai ce maganin nan bai yi wari ba, lalle ba shi da ƙarfi, bari in ƙara masa fiya-fiya. Kada ka yi. Ka tuna ƙofofin nan uku. Abin da ka ƙara, ƙafar ƙuda za ta ji shi tun bakin bai miƙo ba, ka ɓata abincin, ka ɓata kuɗinka. Haka kuma ruwan dogon yaro. Ba na raina dogon yaro, itace ne mai albarka. Cikin 1959 wani Bajamushe, Heinrich Schmutterer, ya ga fāra ta cinye kome a wani wuri a Sudan ta bar shi tsaye da ganyensa, daga nan masana suka shiga bincikensa. Amma aikinsa kora ne, yana hana ƙwaro ci. Abincin tarko kuwa aikinsa kira. Wanda ya gama su cikin famfo guda ya yi kamar mai kiran kaji da tsaba a hannun dama, sanda a hagu. Famfon ma a wanke shi sarai kafin a zuba, in da hali a ware masa nasa. Kada kuma a tsinka shi da ruwa ya wuce abin da aka rubuta a jikin jarka don a ga ya yi auki. In ruwan sama ya wanke, a sāke sawa.

Sa'an nan a tuna ƙoshi. Ƙudan da ya ƙoshi ba ya kula tarko. Lambun da mangwaro ya zube a ƙasa yana ruɓa, an shimfiɗa wa ƙuda walima ke nan, kuma cikin kowane ruɓaɓɓe akwai tsutsar da za ta zama uwa kafin wata guda. Tsince abin da ya faɗi shi ne rabin aikin, kuma ba ya cin ko kwabo. A tsince kowace safiya, ko aƙalla sau biyu a mako. A zuba cikin baƙar leda mai kauri marar huda, a ɗaure baki, a bar ta a rana kwana uku. Ranar Sakkwato ba ta bukatar taimako wajen wannan aiki. Ko a ba dabbobi tun da sauran kyau, ko a binne cikin rami mai zurfin da ya wuce kamu guda. Wanda ya tura da ƙafa ya rufa da 'yar ƙasa, shuka ƙuda ya yi. In akwai ɗanya kusa da lambu, a tsince nata ma.

Akwai wani tarko da ke shigowa kasuwa, kwalba ko gora da ɗan katako ko auduga mai ƙamshi a ciki, ƙamshin ana kiransa metil yujinol. Yana kamu ƙwarai, mutum ya ga kwalba ta cika ya yi murna. Amma a sani maza kaɗai ya ke kira, kuma mazan baƙon nan na Asiya. Mace ba ta kula shi, ɗan ƙasar mangwaro ba ya kula shi, na kankana ma haka. Yana da amfani wajen sanin ranar da baƙon ya iso, yana kuma rage maza in lambuna da yawa sun rataya tare. Amma mai kankana da ya saye shi ya sayi abin da ba nasa ba, mai sayarwa kuwa ya kamata ya gaya masa tun kuɗi bai fita aljihu ba.

Wani zai ce, to, in ƙudan ya gane fa? Tambaya ce mai kyau, gama an taɓa yi. A Amurka an daɗe ana kashe kyankyaso da abinci mai dafi wanda aka zaƙaƙa da wani irin sukari, gulukos. Wajen ƙarshen shekarun 1980 sai aka ga waɗansu kyankyasai sun daina taɓa shi. Sai cikin 2013 masana na Karolina ta Arewa suka gano dalili: a jikin waɗannan, sukarin nan jijiyar ɗaci ya ke tayarwa. Ba wayo suka koya ba. Masu son zaƙin sun mutu, 'yan kaɗan da aka haifa da wannan hali suka rage suka hayayyafa. A Hawayi ma an sami ƙudan kabewa da dafin abincin tarko ya rage kama shi, a gonakin da aka yi shekaru ana sa shi ba hutu. Don haka ba na ce a dogara ga jarka kaɗai ba. A sa abincin tarko a lokacinsa, a daina in an gama tsinka, tsintar ruɓaɓɓe kuwa ba a taɓa jin ƙudan da ya saba da ita ba.

Wahalar gaskiya guda biyu ce. Ta fari, maganin ba kowane shago a ke samunsa ba, kuma jarka guda ta fi ƙarfin mai itace biyar. Ta biyu, ƙuda bai san iyakar gona ba. In ka tsince naka maƙwabcinka bai tsince ba, kai ka ke ciyar da nasa da mangwaronka. Maganin duka biyun guda ne, a yi aikin gayya. Masu lambun fadama guda su haɗa kuɗi su sayi jarka, su sa yaro guda mai hankali ya zaga da famfo rana guda kowane mako. Lita guda da za ta zauna a ɗakin mutum ɗaya har ta lalace, ta ishi lambuna da yawa. Hakimai da masu unguwanni suna iya sa ranar tsinta, yadda a ke sa ranar gyaran hanya ko maƙabarta.

'Yan kasuwa, ku ma da naku. Kajiji mararraba ce, kaya suna shigowa suna fita ta hanyar Jega da ta Gummi da ta Sakkwato. Ruɓaɓɓen da ku ke zubarwa bayan rumfa in kasuwa ta tashi, tsutsar da ke ciki ba ta mutu ba, ƙasa ta ke shiga, bayan kwana goma sha ta fito da fiffike ta nufi lambun da ya fi kusa, watau inda za ku sayi kayan baɗi. A haƙa rami guda a bayan kasuwa, sarkin kasuwa ya sa ido a kai. Masu shagon magani kuwa, in manoma goma suka tambayi abu ɗaya, ku ne kuka san hanyar Kano da inda a ke saro shi. Malaman ofis da akawuna masu karanta wannan fili, ku karanta wa waɗanda ba su iya ba, ku kuma duba musu rubutun jikin jarka, da lambar hukumar NAFDAC, da ranar da maganin zai lalace.

Lokacin farawa a mangwaro shi ne sa'ad da 'ya'ya suka kai girman ƙwan kaza, tun ba su fara nuna ba, a ci gaba har a tsinke na ƙarshe. Masu irin da ke kai wa farkon damina su suka fi bukata. A kankana da kabewa kuwa, masarar gefe a shuka ta mako uku ko huɗu kafin a shuka gonar, don ta yi tsawo ta yi inuwa kafin fure ya fito, a fara yayyafi da ganin furen farko.